Wa Ke Auna Hujja Kafin A Kai Mutum Kotu? Darasin Gobarar Catford



Idan muka ji an kama wani da zargin aikata laifi, tambayoyinmu ba su wuce uku ba: wa aka kama, me ya yi, yaushe za a kai shi kotu. Da wuya ka ji wani ya ce, shin wa ya zauna ya auna hujjar da aka tara, ya ga ko ta kai a tsayar da mutum gaban alƙali a kanta? Alhali tsakanin ofishin 'yan sanda da zauren kotu akwai wata 'yar ƙofa, kuma abin da aka yanke a bakinta shi ke tsara makomar mutane da yawa tun kafin alƙali ya ga fuskarsu. Yau za mu bi tarihin wannan ƙofa a Ingila, ƙasar da muka gaji tsarin kotunanmu na zamani daga gare ta, ta hanyar wata shari'a guda da ta tilasta wa Turawan sake ginin ƙofar tun daga tushe.

YADDA ABIN YAKE A DA

Shekaru ɗaruruwa a Ingila babu wani ma'aikacin gwamnati da aikinsa shi ne kai masu laifi kotu. Wanda aka yi wa sata ko aka ji wa ciwo shi zai nemo shaidunsa, ya biya kuɗin takardu, ya shigar da ƙara da kansa. Abin da ke tace manyan ƙararraki shi ne wani zaman mutanen gari, wanda asalinsa ke komawa ga wata dokar Sarki Henry na Biyu ta shekarar 1166. Su za su saurari abin da mai ƙara ya kawo. In sun ji ƙamshin gaskiya su ce a yi shari'a, in ba su ji ba su yi watsi da maganar. Wannan zama ya daɗe yana aiki har aka soke mafi yawansa a 1933, aka ƙarasa ragowar a 1948, aikin tacewar ya rage a hannun ƙananan kotunan majistare.

A 1829 Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, sauran yankuna suka biyo baya. Sannu a hankali 'yan sanda suka karɓi aikin shigar da ƙara daga hannun jama'a, tunda talakan da aka yi wa sata ba shi da kuɗi ko lokacin zaryar kotu. A 1879 aka kafa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wanda mu ma a nan muke kira DPP, sai dai ƙaramin ofishi ne da ke duba manyan laifuka kawai irin su kisan kai. Saboda haka har zuwa shekarun 1970, a mafi yawan ƙararraki ɗan sanda ne zai yi bincike, shi zai yanke shawarar tuhuma, shi ne kuma zai ba lauya umarnin abin da za a yi a kotu. Lauya na iya ba da shawara, amma maganar ƙarshe ta shugaban 'yan sanda ce. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kuwa mai sauƙi ne: akwai wata hujja da in aka ɗauke ta yadda take, ba tare da an ji ta bakin wanda ake zargi ba, za ta iya kama shi? In akwai, a tafi kotu.

DAREN 22 GA AFRILU, 1972

Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar, 22 ga Afrilu, 1972, aka kira 'yan kwana-kwana zuwa wani gida da ke cin wuta a titin Doggett, unguwar Catford, kudu maso gabashin Landan. Da suka kashe wutar sai suka tarar da gawar wani ɗan haya a ɗakinsa na saman bene. Sunansa Maxwell Confait, ɗan shekara 26, haifaffen tsibiran Seychelles. Ba wutar ce ta kashe shi ba, shaƙe shi aka yi.

Likitoci biyu suka duba gawar a daren, likitan 'yan sanda da likitan binciken gawa. Ba su auna zafin cikin jikin ba, wanda shi ne babbar hanyar ƙiyasta lokacin mutuwa, don gudun kada su lalata wata shaida da ake zaton za a samu a jikin. Sai suka dogara da sandarewar gawar. Dukansu suka ajiye lokacin mutuwar a farkon dare, sa'o'i kafin tashin wutar. Ku riƙe wannan batu na lokaci, domin a kansa komai ya rataya.

Bayan kwana biyu aka samu wasu ƙananan gobara a unguwar, 'yan sanda suka kama yara uku. Babbansu ɗan shekara 18 ne, amma mai raunin ƙwaƙwalwa, wanda aka ƙiyasta tunaninsa da na yaro ɗan shekara takwas, ko karatu ba ya iyawa. Na biyu shekararsa 15, na uku 14. A lokacin akwai wasu ƙa'idoji da alƙalai suka shimfiɗa wa 'yan sanda tun 1912, aka sabunta su a 1964, kuma umarnin da ke tare da su ya ce a yi wa yaro tambayoyi a gaban mahaifinsa ko wani babba da ba ɗan sanda ba. Ba a yi haka ba. Babu uba, babu uwa, babu lauya a lokacin tambayoyin. Cikin 'yan sa'o'i yaran suka amsa laifi: manyan biyu suka ce su suka kashe, ƙaramin ya ce yana wurin, dukansu suka ce su suka cinna wutar. Sai daga baya aka shigo da iyaye, aka rubuta bayanan a gabansu, aka sa hannu.

A idon 'yan sanda magana ta ƙare. Amma a cikin fayil ɗin akwai abin da bai zauna daidai ba. Labarin da yaran suka bayar ya nuna kisan da cinna wutar sun faru kusa da juna. Likitoci kuwa sun ce an yi kisan tun farkon dare. Shi kuma babban yaron yana da shaidu masu yawa da suka tabbatar cewa a farkon daren nan yana wani zauren matasa na ƙungiyar Salvation Army har bayan ƙarfe 11. Ke nan ɗaya daga cikin biyu ne: ko dai likitoci sun yi kuskure, ko kuma abin da yaran suka amsa ba haka ya faru ba.

Tunda kisan kai ne, fayil ɗin ya bi ta ofishin DPP, ya kuma je hannun manyan lauyoyi. Babu wanda ya tsayar da shi. Da aka zo shari'a a kotun Old Bailey a watan Nuwamba 1972, sai bayanin likitocin ya yi laushi. Aka ce zafin gobarar na iya gaggauta sandarewar gawa, don haka mai yiwuwa ne mutuwar ta faru can kusa da lokacin wutar. Da wannan aka rushe kariyar babban yaron. Aka kama ɗan shekara 15 da laifin kisan kai, aka tsare shi ba tare da wa'adi ba. Aka kama babban da laifin kisa amma da sassauci saboda raunin hankalinsa, aka tura shi asibitin Rampton mai tsananin tsaro, shi ma ba wa'adi. Ƙaramin aka yanke masa shekara huɗu kan cinna wuta da shiga gida sata. A 1973 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi amincewa da buƙatarsu.

YADDA ƘULLIN YA WARWARE

Iyayen yaran ba su haƙura ba. Ɗan majalisar yankin, Christopher Price, ya ɗauki maganar ya yi ta bibiya. Manyan likitocin binciken gawa irin su Farfesa Donald Teare suka sake duba bayanan, suka ce mutuwar ba ta kai tsakar dare ba. Sakataren harkokin cikin gida, Roy Jenkins, ya mayar da shari'ar kotun ɗaukaka ƙara, kuma a watan Oktoba 1975 kotun, ƙarƙashin Mai Shari'a Scarman, ta soke hukuncin duka. Dalilinta a fili yake: in har an yi kisan sa'o'i kafin wutar, to labarin da yaran suka sa wa hannu ba zai zama gaskiya ba. Yaran sun fito bayan sun shafe fiye da shekara uku a tsare.

Gwamnati ta naɗa tsohon alƙalin babbar kotu, Sir Henry Fisher, ya binciki yadda aka yi haka ta faru. Rahotonsa ya fito a Disamba 1977. Ya gano an karya ƙa'idar tambayar yara, ba a sanar da su haƙƙinsu na neman lauya ba, an kuma yi wa mai raunin ƙwaƙwalwar tambayoyi irin waɗanda ke ɗauke da amsarsu a ciki. Amma abin da ya fi shafar maganarmu ta yau shi ne abin da ya faɗa kan masu gabatar da ƙara. Ya nuna cewa tun daga lokacin da aka samu amsa laifin, binciken ya koma neman abin da zai ƙarfafa tuhuma kawai, kuma a duk hannayen da fayil ɗin ya bi, har da ofishin DPP, ba a samu wanda ya zauna ya gwada lokacin mutuwa da labarin yaran da idon mai shakka ba. Saɓanin yana nan a rubuce, kowa ya bi ta kansa ya wuce.

Wani abin mamaki, shi kansa Fisher bai iya kuɓuta daga ƙarfin amsa laifin ba. Ya ce a ganinsa babban yaron ba shi da hannu a kisan, amma mafi rinjayen zato ƙananan biyu suna da hannu, domin ya kasa yarda cewa mutum zai faɗi irin waɗannan bayanai a kan kansa alhali bai san komai ba. Sai a watan Agusta 1980 Antoni Janar, Sir Michael Havers, ya sanar da majalisa cewa sabon bincike ya wanke yaran uku gaba ɗaya daga kisan. Sababbin likitoci sun gano Confait ya mutu tun da daɗewa kafin lokacin da aka yi ta gardama a kansa, kuma shaidu sun karkata ga wasu mutane dabam da ba su da alaƙa da yaran. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba.

A nan akwai abin lura. Ɗan sanda ya yarda da amsa laifin, lauyoyi sun yarda, masu taya alƙali yanke hukunci sun yarda, har alƙalin da aka ɗauko don ya gano kuskuren ya yarda da rabinsa. Ba wai dukansu mugaye ba ne. Zuciyar ɗan Adam ce haka: da zarar ta ji mutum ya ce "ni na yi", sai ta daina tambaya, duk abin da ya zo daga baya sai ta lanƙwasa shi ya dace da abin da ta riga ta yarda da shi. Ingila kuwa ta taɓa ganin irin wannan. A 1950 an rataye Timothy Evans bisa bayanan da ya sa wa hannu a ofishin 'yan sanda, bayan shekara uku aka gano maƙwabcinsa John Christie mai kisan mata ne, a 1966 aka yi wa Evans afuwa yana cikin kabari.

SABON GINI

Tun kafin rahoton Fisher ya fito, gwamnatin James Callaghan ta sanar da kafa wani babban kwamiti da zai duba tsarin binciken laifuka da gabatar da ƙara baki ɗaya. Shugabansa Sir Cyril Philips masanin tarihi ne, ba lauya ba. Kwamitin ya miƙa rahoto a Janairu 1981. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai yawan ƙararrakin da ke zuwa babbar kotu alƙali ya sallami wanda ake tuhuma tun kafin a je ga kariya, saboda hujjar ba ta da ƙarfi tun asali. Shawararsa ita ce a raba aikin bincike da aikin gabatar da ƙara, domin wanda ya sha wahalar kama mutum ya riga ya gamsu da laifinsa, ba shi ne ya dace ya auna hujjar da ya tara da hannunsa ba. A Sikotland, maƙwabciyarsu, an daɗe da irin wannan rabuwa.

Dokoki biyu suka fito daga nan. Ta farko, dokar 'yan sanda da shaidar laifuka ta 1984, ta tsara abin da ke faruwa a cikin caji ofis: haƙƙin ganin lauya, wajabcin zaman wani babba tare da yaro ko mai raunin hankali yayin tambayoyi, jami'i na musamman mai kula da tsararru wanda ba ya cikin masu binciken, iyakar sa'o'in da za a riƙe mutum ba tare da tuhuma ba, da kuma ɗaukar tambayoyi a kaset. Sashe na 76 na dokar ya ce in aka yi iƙirarin an samu amsa laifi ta hanyar tursasawa, ko a yanayin da zai sa ba za a iya dogara da ita ba, to nauyin tabbatar da cewa ba haka ba ne yana kan masu gabatar da ƙara. Ta biyu, dokar 1985, ita ta kafa hukumar gabatar da ƙararraki mai zaman kanta, CPS, wadda ta fara aiki a 1986 ƙarƙashin DPP na lokacin, Sir Thomas Hetherington. Dokar ta wajabta wa DPP ya wallafa kundin ƙa'idojin da lauyoyinsa za su bi wajen yanke shawarar tuhuma, kowa ya iya karantawa.

Ma'aunin da ke cikin wannan kundi hawa biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. Hawa na farko shi ne hujja. Lauyan gwamnati zai tambayi kansa: in aka ajiye wannan hujja gaban kotu mai adalci, wadda aka yi wa bayanin doka daidai, ta kuma ji kariyar da wanda ake zargi zai iya kawowa, shin kama shi da laifi ya fi rinjaye a kan sallamarsa? Kafin ya amsa sai ya duba ko doka za ta bari a yi amfani da hujjar, ko abin dogaro ce, ko mai ba da ita abin gaskatawa ne, da kuma ko akwai wani abu a gefe da zai iya raunana ta. In amsar a'a ce, ba za a yi tuhuma ba, komai munin laifin. In amsar e ce, sai a hau hawa na biyu, wato ko kai maganar kotu maslaha ce ga jama'a. Wannan ya samo asali daga bayanin da Antoni Janar Sir Hartley Shawcross ya yi wa majalisa a 1951, cewa ba a taɓa yin wata ƙa'ida a ƙasar da ta ce duk laifin da aka zarga dole sai an kai shi kotu ba.

Bambancin wannan da tsohon ma'auni shi ne kallon ɓangare na biyu. Tsohon yana tambayar ko akwai hujja. Sabon yana tambayar ko hujjar za ta tsaya da ƙafarta bayan an girgiza ta. Da an ɗora fayil ɗin Catford a kan wannan sikeli da gaske, tambayar farko da za a yi ita ce: yaron da mutane da yawa suka gani a wani wuri a lokacin da likitoci suka ce an yi kisa, ta yaya ya yi kisan? Don haka yana da kyau mu riƙa bambance matakai uku. Zargi mai dalili ya isa a kama mutum a bincike shi. Tuhuma tana buƙatar hujjar da ta fi rinjaye. Hukunci kuwa sai kotu ta sakankance babu wata shakka mai ma'ana. Wanda ya cakuɗa matakan nan shi ke ganin duk wanda aka kama ya riga ya zama mai laifi.

ƊAYA GEFEN SIKELIN

Kada wani ya ɗauka cewa da kafa CPS matsala ta ƙare, ko kuma cewa ƙin yin tuhuma ba shi da nasa ciwon. A ranar 22 ga Afrilu, 1993, shekara 21 cif bayan gobarar Catford, wasu samari fararen fata suka daɓa wa wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, wuƙa yana jiran bas a unguwar Eltham, 'yan mil kaɗan daga Catford. Cikin 'yan kwanaki mutanen unguwa suka ba 'yan sanda sunayen waɗanda ake zargi, amma sai da aka yi mako biyu kafin a kama kowa. A tsakanin nan har an hangi ana fita da kaya a cikin leda daga gidan wasu daga cikinsu, ba a tare ba. A watan Yuli na shekarar CPS ta janye tuhumar da aka yi wa mutum biyu, ta ce hujjar ba ta isa ba.

Iyayen Stephen, cikin baƙin ciki da ganin an yi banza da jinin ɗansu, suka yi amfani da tsohon haƙƙin nan na shigar da ƙara da kai. A 1996 aka gurfanar da mutum uku a Old Bailey. Alƙali ya ce ba za a iya dogara da shaidar gane fuska da aka kawo ba, shari'ar ta rushe, aka sallami mutanen. A dokar lokacin kuwa, wanda kotu ta wanke ba a sake tuhumarsa kan laifi ɗaya har abada. Binciken da Sir William Macpherson ya jagoranta ya fitar da rahoto a 1999, ya ɗora laifin a kan sakaci, gazawar shugabanni da wariyar launin fata da ta yi kaka-gida a rundunar 'yan sandan Landan. Sai da aka gyara waccan tsohuwar ƙa'ida da dokar 2003, sannan sababbin na'urori suka gano wani ɗan ɗigon jini da zaruruwan tufafi a kayan waɗanda ake zargi, kafin a Janairu 2012 a kama mutum biyu da laifin kisan. Ɗaya daga cikinsu yana cikin waɗanda aka sallama a 1996.

Idan muka jera shari'un nan biyu za mu ga abu ɗaya ta fuska biyu. A Catford an yi gaggawar tuhuma da hujjar da ba a gwada ba, marasa laifi suka tafi kurkuku, wanda ya yi kisan ya sha. A Eltham an yi sakacin tara hujja tun farko, aka zo sikeli babu abin ɗorawa, da aka matsa aka shiga kotu da abin da ke hannu sai shari'ar ta zama garkuwa ga wanda ake zargi na tsawon shekaru. Mai auna hujja ba zai iya ƙirƙirar abin da mai bincike bai kawo ba. Shi kuma mai bincike, in ya san ba wanda zai duba aikinsa, da wuya ya wahalar da kansa ya wuce amsa laifi.

INA RUWANMU?

Ruwanmu a ciki yake, domin ofishin DPP da ke ma'aikatun shari'a na jihohinmu daga can aka kwafo shi. Sashe na 174 da na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon shigar da ƙara, karɓe ta ko dakatar da ita, tare da sharaɗin ya duba maslahar jama'a, adalci, da hana wasa da tsarin shari'a. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011, kan amsa laifin da aka samu ta tursasawa, kusan kalmominsa ɗaya da sashe na 76 na dokar Ingila ta 1984. Wato wani yanki na darasin Catford yana cikin dokarmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo ko makamancinsa, ta ba wanda ake zargi damar yin bayani a gaban lauyansa, ta kuma ƙayyade kwanakin da shawarar lauyoyin gwamnati za ta fito bayan an karɓi fayil.

Amma kowa a cikinmu ya san jimlar nan da ake yawan ji a kotunan majistare: an ɗage zama, ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. A kai mutum kotun da ba ta da hurumin sauraron laifin kisa ko fashi da makami, a tura shi gidan gyaran hali, fayil ya kama hanya. Fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. A cikinsu akwai masu laifi na gaske, akwai kuma waɗanda in da wani ya karanta fayil ɗinsu da kyau na awa ɗaya, da tuni suna gida. Ga waɗannan, jiran ma kansa ya zama hukunci.

Abin da tarihin Catford ke koya mana shi ne kafa ofishi kaɗai ba ya wadatarwa. A 1972 ma akwai DPP a Ingila, fayil ɗin yaran ya shiga ofishin ya fito lafiya lau. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai ɗauki bayanin likita a hannun dama, bayanin yaran a hannun hagu, ya ce waɗannan biyun ba za su zama gaskiya tare ba, a koma a sake bincike. Wannan aiki yana buƙatar lauyoyi isassu, masu lokacin karatu, waɗanda ba sa tsoron mayar wa 'yan sanda fayil, ba sa kuma tsoron hayaniyar gari.

Hayaniyar garin nan kuwa mu ne. Mu ne muke yaɗa hoton wanda aka kama da rubutun "ya amsa laifinsa" a kai, mu ne muke zagin hukuma idan aka ce hujja ba ta isa ba, ba tare da mun tambayi wace hujjar aka tara ba, wa kuma ya yi sakacin tara ta. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Duk ranar da muka ga irin wannan hoto, ya kamata mu tambaya: a gaban wa ya amsa, shekararsa nawa, kuma ban da bakinsa me aka samu? Tambayoyin da ba a yi wa fayil ɗin yara uku na Catford ba ke nan, har suka ci musu shekara uku a tsare da shekara takwas kafin a wanke sunansu.

Ina jiran gyara da ƙarin bayani, musamman daga lauyoyi da jami'an tsaro da ke cikinmu, su faɗa mana yadda abin yake a aikace a jihohinsu. Allah ya kare mu daga zaluntar wani, ya kuma kare mu daga a zalunce mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.